Tagwayen Taurari a Saman Fadamar Haɗeja

Mazaunin Landan ba zai taɓa ganin Alfa Sentori daga ƙofar gidansa ba, komai tsadar na'urarsa. Mu a Haɗeja, da muke kimanin digiri 12 arewa da ikwaita, tauraron yana ɗago mana kamar digiri 17 daga ƙasa ta fuskar kudu. Tsayin bai da yawa, gini ɗaya ko kuka ɗaya ya isa ya tare shi. Shi ya sa a watan Mayu da Yuni, idan ruwan farko ya wanke ƙurar sama, nakan ɗauki ƙaramin madubin hangen nesa na nufi fadama, inda ƙasa ta shimfiɗe, ba abin da ya fi kachala tsayi.

Da ido, tauraro ɗaya ne mai haske. A madubi sai ya rabu biyu: rana biyu masu kama da tamu, suna kewaya juna, haskensu na yin shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu. Da ɗan ƙaramin abokinsu Proxima, wanda Robert Innes ya gano a Johannesburg a 1915, su ne maƙwabtanmu mafi kusa.

Ba duk taurari biyu da suka jeru ne tagwaye ba. Mai tsayuwa a gaɓar kogi yakan ga kwalekwale biyu kamar sun haɗa kai, alhali ɗaya yana can nesa bayan ɗaya. William Herschel ne ya nuna a 1803, bayan shekaru yana awo, cewa wasu da gaske ɗaure suke da juna. Amfanin wannan babba ne: daga tsawon lokacin kewayensu da tazarar da ke tsakaninsu ake lissafa nauyin taurari.

A dare guda, idan na juya arewa, ga Banatu Na'ash, taurari bakwai ɗin nan masu siffar ludayi. Na tsakiyar mariƙin shi ne Mizar, kusa da shi kuma ɗan ƙanƙanin da Larabawa ke kira Suha, wanda suke gwada kaifin ido da shi. Wannan ba ya buƙatar na'ura. Yaran masunta sukan riga ni ganinsa. Madubi yana sake raba Mizar biyu, kuma bincike ya nuna taurari shida ne a wannan ɗan wuri.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne lokaci. Tagwayen Alfa Sentori suna gama kewaye ɗaya cikin kusan shekara 80. Sun yi kusantar juna mafi ƙarfi a 1955, za su sake a 2035. Da wuya mutum ɗaya ya ga zagayen daga farko har ƙarshe, don haka aikin na gado ne. Ina da littafi da nake zana matsayinsu kowace shekara, da kwanan wata da yanayin sama, domin wani ya ɗora.

Damuwata ita ce ko za a sami mai ɗorawa. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki, da su suke ƙidayar damina da asuba. Yau fitilun sola sun haska unguwanni, abin murna ne, amma yaron cikin gari ba ya ganin Suha. Duhun fadama bai gushe ba tukuna. Duk mai ɗa a Haɗeja, ya kai shi bakin ruwa a daren da babu farin wata, ya nuna masa mariƙin ludayi, ya tambaye shi taurari nawa ya gani.