Kujerar gefen taga da na hana Inna

Shekara 42 ke nan da aka kawo mahaifiyata Agege daga Kano, tana amarya, a jirgin ƙasa. Duk sanda take ba mu labarin tafiyar, a gadar Jebba take daɗewa: yadda ta leƙa ta taga ta ga kogin Kwara, har ta manta da kukan rabuwa da gida.

Bara, a watan Oktoba, biki ya taso mana a Kano. Gwiwoyin Inna ba za su jure zaman mota na kusan kilomita 1,000 ba, sai muka ce ta hau jirgin sama, karo na farko a rayuwarta. Ni na sayi tikiti, ni kuma na zaɓa mata kujerar bakin hanya ba tare da na tambaye ta ba. Ina da hujjata. Tana da ciwon suga, fitsari na yawan matsa mata. Ga gargaɗin likitoci cewa dogon zama wuri ɗaya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma wanda ke gefen taga ya fi jin nauyin tashi.

Da safe muka tashi, muna ɓangaren dama. Rana ta haske mutumin da ke gefen tagar, ya ja murfinta. Inna ta yi ta miƙa wuya. Can ta taɓa ni ta ce, "Ke 'yar nan, mun zo Kwaran?" Na duba agogo na ce, "Ina jin mun wuce, Inna." Ba ta ƙara magana ba har muka sauka.

Shirun nan ya dame ni. Da na nutsu sai na ga na tsaurara. Gargaɗin daskarewar jini ya fi shafar tafiyar da ta wuce awa 4, irin ta zuwa Jidda. Legas zuwa Kano kuwa kimanin awa ɗaya da rabi ce. Na kula da ƙafarta, na manta da abin da ke ranta.

Da za mu dawo sai na yi lissafi. Abu na farko rana: mai zuwa Arewa da safe, rana na damansa, mai dawowa Kudu da la'asar, nan ma tana damansa, tunda ta karkata yamma. Ke nan hagu ya fi a duka biyun, kuma kujerar taga ta hagu ita ce mai harafin A. Na biyu fiffike: kujerun da ke kansa sun fi ƙarancin jijjiga, amma yana tare ƙasa. Na zaɓi layin da ke bayansa kaɗan, wanda bai yi nisa da banɗakin baya ba. Layin ƙofar gaggawa kuwa ba a ba yara ko wanda ba shi da ƙarfin buɗe ta. Na uku lokaci: mun yi sa'a damina ta wuce, hazon hunturu bai sauko ba. A Janairu ƙura kaɗai za ka gani.

Ni da ƙanena muka ɗauki B da C, don kada ta ji kunyar tayar da baƙo. Ta shiga banɗaki kafin mu hau, magani da dabino na cikin jakarta, ina kuma tuna mata ta riƙa motsa ƙafafunta.

Ta manna goshi a taga tun daga Kano. Ta kalli gonaki sun koma kamar ƙananan tabarmi, ƙasa na ƙara kore muna gangarawa. Sai ga kogin, yana lanƙwasa, da tsibiran yashi a cikinsa. Ta kama hannuna ta ce, "Ina gadar?" Na ce tana can yamma, ba a hango ta daga nan. Ta ce, "Ba komai. Ruwan dai shi ne."

Idan za ku kai Jidda, kujerar bakin hanya ta fi wa tsoho, a kuma nemi shawarar likita. Amma kafin ku zaɓa wa iyayenku wurin zama, ku tambaye su me suke so su gani.