Shahon Mushe da cinikin biri a sama

Duk ranar Alhamis, idan Kasuwar Dole ta cika ta batse a Damagaram, maƙwabta sukan nemi rakiyar wani tsohon malamin makaranta wanda har yau ba a kiran sa da wani suna sai Mushe. Shekara 34 ya yi da alli a hannu kafin ya yi ritaya, kuma an shaide shi da sanin ciniki. Idan ya dafa bayan rago ya faɗi kuɗinsa, da wuya dillali ya ƙara dala ɗari a kai. Ya san lokacin da ake yin tayi, ya san lokacin da «albarka» ta mai kaya take nufin a ƙara kaɗan, da lokacin da take nufin a kama gaba. Shi ya sa abin da ya same shi a wata kasuwa da ba ta da rumfa ko ɗaya ya daɗe yana ci masa rai.

Asalin lamarin tun yana yaro ne. A shekarun 1960 da 1970 yana cikin yaran da ke tara dala-dala don shiga silima marar rufi, su zauna a gaba kusa da bango suna kallon fina-finan kaboyi da na Indiya. Amma fim ɗin da ya zauna masa a zuciya na gida ne: Le Retour d'un aventurier, wanda Moustapha Alassane ya yi a 1966, inda Zalika Souley ta fara fitowa. Wani saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da ɗamaru da bindigogi, sai ga samarin ƙauye sun rikiɗe sun hana gari sakat. Tun daga ranar Mushe yake mamakin yadda hula ɗaya da ɗamara ɗaya suke iya sauya mutum. Da ya ji rasuwar Moustapha Alassane a 2015, abin da ya fara faɗo masa shi ne wannan akwati, da tambayar inda kayan cikinsa suka ƙare.

Bayan ritayarsa, ƙungiyar raya al'adu ta unguwarsu, wadda ke nuna wa ƴan makaranta fim sau ɗaya a wata, ta naɗa shi ma'aji. A wani taro aka yanke shawarar shirya ɗan baje-koli na kayan da ake gani cikin fina-finai, domin yara su taɓa da hannu, su gane cewa silima sana'a ce ta maɗinka da maƙera da masassaƙa. Aka tara jikka 400, akasari daga aljihun malamai masu jiran albashi, aka damƙa masa. Da yake kuɗin amana ne, sai ya ce bari ya fara gwada ruwan da ƙafarsa.

Ɗan ƙanwarsa da ke karatu a Faransa ya aiko masa da hoton wani baƙin shaho, kwaikwayon wanda ke cikin The Maltese Falcon, fim ɗin John Huston na 1941 da Humphrey Bogart ya fito a ciki. Mai sayarwa ya ce an zuba shi ne daga jikin na asali, kuma saura guda biyu kacal. Yuro 150. Da yake yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, kuɗin ya kama jikka 98. Mushe ya tuna ya taɓa karanta cewa na asalin, wanda aka yi da darma mai nauyin kusan kilo 20, an sayar da shi a gidan gwanjon Bonhams a 2013 kan fiye da dalar Amurka miliyan 4. Sai ya ga jikka 98 kamar kyauta. Ya aika daga cikin fanshonsa, bai yi tayi ba, bai tambayi kowa ba.

Kafin kunshin ya iso hannunsa, kuɗin aike da na duwan sun ci wasu jikka 40. Da ya buɗe, sai ya tarar da wani abu marar nauyi, gashin fuka-fukansa a shafe, da ƙananan ramuka a ƙirji kamar ya yi agana. Ya ɗauke shi ya kai wa wani maƙerin azurfa, abokinsa tun ƙuruciya. Maƙerin ya juya shi, ya bi wani siririn layi da farce daga kai har gindi, ya ce: «Malam, wannan jikan jika ne. Duk abin da aka zuba daga jikin wani zubi, sai ya ɗan ƙanƙance, zanensa ya dushe. Mu ma idan muka kwafi sarƙa daga sarƙa har sau uku, ta ukun ba ta da fuska.» Da ɗan ƙanwarsa ya bincika daga baya, ya ga irinsa da yawa an sayar a kan yuro 40.

Abin da ya fi ba shi kunya shi ne ya san labarin fim ɗin sarai. A ciki mutane sun yi ta kashe juna saboda wannan shaho, suna zaton zinariya ce da duwatsu masu daraja a ƙarƙashin baƙin fenti, da suka kankare sai suka tarar da jabu. Ya nuna wa ɗalibai fim ɗin har sau biyu, ya yi masu bayanin darasinsa, ga shi ya yi cinikin biri a sama a kan tsuntsun nan dai.

Daga nan ya koma ɗalibi. Ya sayi sabon littafin rubutu, ya shiga tambaya, ɗan ƙanwarsa yana karanta masa abin da gidajen gwanjo suke bugawa. Abu na farko da ya gane shi ne kayan nan hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da kasuwarsa. Akwai wanda aka yi aiki da shi a gaban kyamara, shi ma iri-iri ne, domin akan ƙera guda mai kyau don ɗaukar hoto na kusa, a yi wasu na roba don faɗa da tsalle-tsalle. Akwai kwaikwayo mai lasisi, wanda kamfani ke ƙerawa da izinin masu fim, wani lokaci da lamba a jiki mai nuna guda nawa aka yi. Akwai aikin hannu na masu sha'awa, wanda darajarsa tana ga gwanintar mai yi. Sai na ƙarshe, zubin sata, wanda ake kwafa daga aikin wani ba da izninsa ba. Kuskuren Mushe shi ne ya auna kayan hawa na huɗu da ma'aunin hawa na farko.

Abu na biyu kuwa ya daɗe da saninsa a kasuwar dabbobi, mantawa kawai ya yi. Kuɗin da mai kaya ya yanka ba shi ne kuɗin kaya ba. Kuɗin kaya shi ne inda aka ce «na sallama» aka tafa hannu. Saboda haka ya kafa wa kansa ƙa'ida: ba zai sayi komi ba sai ya ga cinikin irinsa guda uku da aka riga aka ƙulla, kwanan nan, a yanayi ɗaya. Ya kuma koyi cewa gidajen gwanjo suna ɗora la'ada a kan mai saye, wadda takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, kafin a zo ga aike da duwan. Abin da aka ga an rubuta a Paris ko London, kafin ya iso Damagaram ya yi ƙiba.

Abu na uku ne ya fi ba shi wahala, wato sanin inda darajar take zaune. Takobin haske na Luke a Star Wars na 1977, an haɗa mariƙinsa ne da hannun fitilar tsohuwar kyamara ƙirar Graflex, irin wanda a lokacin yake jibge a kantin masu hoto ba mai kula. Da masu tara kaya suka gane, kuɗinsa ya tashi har masu son tsofaffin kyamarori suka shiga kuka. A watan Disamba na 2024 kuma ya ji labarin jajayen takalman da Judy Garland ta sa a The Wizard of Oz na 1939. An sace su daga wani gidan tarihi a jihar Minnesota a 2005, aka gano su a 2018. Wanda ya sace su ya ce ya ɗauka yakutu ne na gaske a jikinsu, sai aka gaya masa gilashi ne. Takalman nan na gilashi da ƙyalƙyali aka buga gwanjonsu a kan dala miliyan 28, da la'ada suka kai miliyan 32 da rabi, alhali wani ƙafa biyu daga fim ɗin nan an sayar da su dala 15,000 a gwanjon kamfanin MGM na 1970. Mushe ya rubuta a littafinsa cewa a wannan kasuwa salsala ake saye: wane ne ya riƙe, daga hannun wa ya fito, kuma ina shaida. Takardar shaida kuwa kowa yana iya bugawa. Masana sun fi amincewa da daidaita wani tabo ko ƙarzuwa da ke jikin kayan da wanda ake gani a hoton fim.

Ana cikin haka jarrabawa ta zo. Wani mai sayarwa ya yi wa ɗan ƙanwarsa tallar hular Indiana Jones, ya ce an sa ta a wurin ɗaukar fim, har da takarda mai hatimi, kan yuro 500. Labari ya kai kunnen ƴan ƙungiya. Shugaba ya yi lissafi ya ga jikka 328 ne, kuɗin da ke hannu ya isa, ya fara hango manyan gari sun zo buɗe baje-kolin. Aka kira taro.

Shugaba ya ce: «Mushe, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Idan muka tsaya nawa, wani zai ɗauke.»

Mushe ya buɗe littafinsa ya ce: «Ranka ya daɗe, hular da aka tabbatar Harrison Ford ya sa a fim ɗin 1981 an sayar da ita a London a 2018 kan fam 320,000. Idan wannan ta gaske ce, mai ita ya san hanyar London. Idan ba ta gaske ba ce, hular gashi ce kawai, kuma yuro 500 ya yi mata yawa. Ko ta ina aka bi, ba kuɗinta ba ke nan.»

Wani matashin malami ya ce ai tsoro ne kawai, tunda shaho ya taɓa yagar sa. Aka yi dariya, Mushe ma ya dara, ya ce haka ne, kuma jikka 138 ya biya kuɗin wannan karatu, ba ya son ƙungiya ta sake biya. Ya ce idan aka nace, zai miƙa kuɗin da maɓallin akwati ga wanda aka zaɓa. Aka watse rai ba daɗi, shugaba ya yi mako biyu gaisuwarsu ba ta wuce ta hannu ba. Daga baya ɗan ƙanwarsa ya bugo waya ya ce: «Kawu, na nemi mutumin ya aiko hoton cikin hular da sunan wanda ya saye ta a hannunsa, tun ranar bai ƙara amsa mini ba.»

Da ƙura ta lafa, Mushe ya nufi unguwar Birni wurin wani baduku, ɗauke da hotunan kaboyin Moustapha Alassane. Ya nemi ɗamara mai kuben bindiga guda biyu da bulala saƙaƙƙiya. Badukun ya daɗe yana duban hotunan, sannan ya lissafa: fatar akuya kaza, ta sa kaza, rini, zare, da kwana tara na aiki. Ya yanka jikka 45. Mushe ya yi tayin 30, aka ce albarka, aka yi ta ja har aka tsaya a 38. A nan ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa, domin kowace dala ya san abin da ta saya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, muddin an bar shi ya ga fatar da hannun da ya ɗinka ta. Maɗinkin unguwa ya yi riguna, kafinta ya sassaƙa bindigogin katako. Daga waje abu ɗaya aka sayo, sandar Harry Potter mai lasisi, kan kuɗin da kamfanin ya buga a kundinsa, bayan an ga ciniki uku sun yi daidai. Duka-duka aka kashe jikka 170, sauran ya koma akwati da rasit a maƙale.

Ranar baje-kolin ya rubuta wa kowane kaya ƴar takarda da Hausa da Faransanci: wanda ya yi shi, da abin da aka yi shi, da abin da aka biya. Shugaba ya so a ɓoye shahon, Mushe ya ajiye shi a tsakiyar tebur, ya rubuta a ƙarƙashinsa: «Zubin sata. An biya jikka 138. Kuɗinsa na gaskiya bai kai 30 ba.» Yara suka yi ta gwada ɗamarar baduku suna taƙama irin ta kaboyi, amma wurin shahon layi ya fi tsawo. Wata yarinya ƴar aji shida ta karanta takardar sau biyu, ta ɗaga kai ta ce: «Mushe, wa aka cuta?» Ya ce shi ne. Ta ce to me ya sa bai jefar ba. Ya ɗauki tsuntsun ya ɗora mata a tafin hannu, ya kama ɗan yatsanta ya bi da shi kan siririn layin nan daga kai har gindi, kamar yadda maƙeri ya nuna masa, sannan ya ce ta miƙa wa na bayanta.