Dajin da Muka Zana a Bayan Kalanda

Yau labarin wani wasa muka kawo, wanda muka ƙago a zumuntarmu, da gardamar da ta kusa raba mu a kansa.

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, saboda matsalar 'yan bindiga. Ba a buɗe ba sai a Disamba. Wanda yake nan a lokacin ya tuna yadda waya ta koma tocila da agogo. Mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya nufi wajen Katsina. Rana na yin sanyi kowa ya ja jikinsa kusa da gida. Mu kuwa, in an tashi daga zumunta, sai mu zauna a kan benci muna kallon juna. Ludo ya gundure mu, dara kuma ta mutum biyu ce.

Wani yayanmu da ya yi karatu a jami'ar Dutsin-Ma shi ya ba mu labarin Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya ne mai jan labari, shi ke faɗin inda kuke da abin da ke gabanku. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ya riƙa faɗin abin da jarumin zai yi. In ka ce za ka tsallake kogi da damina, sai a jefa ƙwaya, abin da ta nuna shi zai ce ka haye ko ruwa ya tafi da kai. Tatsuniya ce dai, amma wadda masu sauraro ke da baki a cikinta. Su can suna da ƙwaya mai fuska ashirin da littattafai masu kauri. Mu ƙwayoyin ludo uku muka haɗa, da marafan kwalba, da wata tsohuwar kalanda da muka juya bayanta.

Kafin a fara wasa sai an gina duniyar da za a yi shi a ciki: wa ya kafa garin nan, me ya sa rijiyar can ba ta ƙafewa, me mutanen ƙasar ke rantsuwa da shi, me suke tsoro. Yaya ya so mu aro na Turawa, da fadojinsu na dutse da dusar ƙanƙara. Wata 'yar'uwarmu malamar firamare ta ce, "Haba Yaya, me zai kai mu ƙasar sanyi ga duwatsu a bayan gida?" Ta tuna mana cewa Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma daga ƙasar Hausa jaruminsa ya ɗauki hanya. Muka yarda za mu zana ƙasarmu, mu sauya mata sunaye kawai.

Makonni biyun farko sun yi daɗi ƙwarai. Irin manyan duwatsun nan da suka warwatsu a ƙasar Batsari da Safana, muka ce garken shanun wata ƙatuwar mace ne ta farkon duniya. Ruwa ya yi jinkiri shekara bakwai, shanun suka kwanta suna tuƙa suna jira, har suka daskare. Shi ya sa in ka haƙa a gindin dutse kake samun ruwa, hantsarsu ce ba ta daina zuba ba. Muka ce kowane gari ya kafu ne a inda wutar wani maƙeri ta ƙi mutuwa cikin ruwan sama. Kuka muka ba ta aikin riƙon alkawari: duk wanda ya rantse a gindinta ya saɓa, miyar kuka ba za ta ƙara yi masa kauri ba har ya mutu. Wannan dai ƙirƙirar wani ƙanenmu ce mai son tuwo, kuma an sha dariya. Gizo ma mun shigo da shi, muka ba shi rumfar dillanci a kasuwa.

Doka ɗaya muka kafa tun a lokacin, ita ma ba daga gare mu ta fito ba. Wata mama daga zumuntar mata ta ji ana ambaton sunan wani iska na bori a bakin teburin, ta tsaya ta ce, "'Ya'yana, sunan ga ku bar shi. Uwata tsoronshi ta ji har ta tsufa, ba abin wasa ba ne gare ta." Daga ranar ba mu ƙara taɓa sunan abin da wani ya taɓa bauta wa ba. Abin da za mu sa a wasa, mu za mu ƙago shi daga farko.

Amma gefen yamma na kalandar yana nan fari fat. Kowa ya san abin da ke yamma da mu: dajin Rugu, wanda ya miƙe ta bayan Batsari da Runka har ya shiga Zamfara. Iyayenmu sun san shi da itace da zuma da farauta da kiwo. Mu da wani abu daban muka san shi. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A Disambar shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar Kankara, ɗari uku da wani abu, aka shige da su daji. Ba wanda ya so ya fara ɗora biro a wannan gefen.

Wanda ya fara shi ne wani ƙanenmu ɗan shekara goma sha shida. Iyayensa sun baro ƙauyensu a 2020 bayan an ƙone musu rumbu, an kuma tafi da kawunsa, har yau ba labari. Yana da hannun zane. Ya zo da takarda ya shimfiɗa, ya ce ga mutanen daji. A labarin da ya tsara, daga ƙaya aka halicce su, ba su da tausayi tun daga cikin uwa, ba su tuba, kuma duk jarumin da ya kashe ɗayansu, babba ko jariri, ya sami lada. Muka duba zanen. Dogaye ne sirara, sanda a gicciye a kafaɗa, malfa a ka, bukkoki da shanu a bayansu. Bai ce Fulani ba. Ba kuma wanda ya buƙaci ya faɗa.

Yaya ya yi ƙoƙarin sassauta abin. Ya ce ai haka wasan yake a ko'ina, dole a sami abokan gaba da za a sara ba tare da dogon tunani ba, kuma ko Tolkien, wanda ya rubuta The Lord of the Rings, yana da irin waɗannan halittu. Gaskiya ne. Sai dai shi Tolkien ɗin ya daɗe yana kokawa da tambayar a rubuce-rubucensa na baya: halittar da ke magana, tana tunani, za a ce ba ta da hanyar gyaruwa ko kaɗan? Kamfanin da ke buga Dungeons & Dragons ma ya sanar a 2020 cewa zai daina nuna wasu jinsuna a matsayin miyagu tun haihuwa. Amma su can gardamar littafi ce. Mu nan akwai kasuwar Alhamis. Akwai matar da ta shekara goma tana kawo nono gidajenmu, wadda ta daina shigowa gari don tsoron abin da zai same ta a hanya, ba don ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Yaran da ke zaune a bakin teburin nan, wasunsu nan da shekara biyar su ne za su riƙe tocila da gora a bakin gari da dare.

Malamar nan ce ta kawo zancen Bayajidda. Kowa ya haddace shi tun firamare: baƙo ya iso Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai. Ta ce mu ƙarasa labarin mana. Ɗan da ya haifa da Bagwariya fa? Daga gare shi aka ce Banza Bakwai suka fito: Zamfara, Kabi, Yawuri, Gwari, Nupe, Kwararrafa da Yarbawa. Ta nuna biyu daga cikinmu, 'ya'yan ma'aikatan da aiki ya kawo garin, ɗaya Bagwari ɗaya Bajukune. Ta ce wanda ya fara ba da wannan labari ya mutu tun ba a san lokaci ba, amma kalmar da ya liƙa wa mutane tana nan a littafin 'yan aji huɗu. Labarin asali ba ya tsayawa a inda aka ƙago shi. Mu kanmu, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, mun san yadda ake ji in an kira ka da sunan da ba kai ka raɗa wa kanka ba.

Maganarta ta zauna mana. Amsar yaron kuwa ta fi zama. Ya naɗe takardarsa ya ce, "Anti, ku da ba a ƙone rumbunku ba, ku yi ta tausayi." Ya fita. Mako biyu bai zo ba, ko sujada ta Lahadi sai ya zauna can baya ya fice kafin a tashi. A gaskiya mun yi masa laifi. Mun taru mu goma sha wani abu muna yi wa yaro mai ciwo a zuci lacca, ba wanda ya fara tambayarsa sunan kawun nasa.

Mafita daga wurin wani tsoho ta zo, wanda ke yi mana gadin majami'a, mutumin ƙasar Ruma. Muna zaune muna jimami ya tambayi abin da ya hana dariyar da ya saba ji. Da muka kwashe labari muka faɗa masa, sai ya ce, "Yo dajin ga yau ya fara cin mutane? Zamanin kakan kakana abin tsoro daga arewa yake zuwa, kuma Hausa yake ji tsaf." Yana nufin abin da ya biyo bayan jihadi. Wajen 1807 aka kori sarakunan Haɓe daga birnin Katsina, zuriyarsu suka kafa Maraɗi, daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana kai wa juna hari, kuma yammacin Katsina shi ne filin dagar. Garuruwa sun tashi, gonaki sun koma daji. A wannan zamani ne Ɗanwaire ya yi suna a Ruma, har yau kuma hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita. Tsohon ya ce a tatsuniyar da kakarsa ke yi musu, Dodo ba shi da ƙabila. Yau yana kogi, gobe yana kan tsamiya, wani lokaci ma ya zo da kamannin saurayi kyakkyawa yana neman aure.

Da wannan muka sake zama a kan gefen yamma. Muka ce a tsakiyar dajin akwai wata ganga da ba a san wanda ya ɗaure ta ba. Duk wanda ya bi sautinta har ya gan ta, zai manta sunan da uwarsa ke kiransa da shi. Masu binta iri-iri ne: makiyayin da aka sace wa garke ya shiga neman fansa, ɗan birnin da kwaɗayi ya ja, ɗan sarkin da aka hana gadon sarauta, yaron da aka ɗauke tun bai yi wayo ba. Ba wanda aka haifa a can. Akwai kuma masu sayar musu da gishiri da labari, su a cikin gari suke kwana, wasu ma da rawani. Muka ƙara da cewa kowane labarin asali a duniyar tamu baki biyu gare shi. Manoma na cewa shanun dutse sun daskare ne don sun ci gonar maƙerin farko. Makiyaya na cewa maƙerin ne ya kafa shinge a kan burtali, shanun suka tsaya jiran a buɗe musu. Mai jan labari ba shi da izinin faɗin wanda ya fi gaskiya.

Yaya da malamar suka je har gida suka ba yaron haƙuri, suka zauna ya ba su labarin kawunsa, mai gyaran keke ne ashe. Sannan suka nuna masa abin da muka rubuta. Ya karanta sau biyu. Ya ce zai dawo bisa sharaɗi. Na ɗaya, kada a mai da mutanen gangar marasa laifi, don da ƙafarsu suka bi ta. Na biyu, in an kira mutum da sunansa na yarinta yana iya farkawa, amma yana iya ƙi, kuma masu ƙi su fi yawa. Na uku, wanda ya farka ba gida zai wuce ba, sai an kai shi gindin kuka ya tsaya gaban waɗanda ya cuta, su faɗi abin da ya yi da bakinsu. Muka karɓa duka. Sashen da ya rubuta a kan shari'ar gindin kuka ya fi duk abin da muka rubuta kyau, kuma ya fi tsanani. Zanen nasa ma ya sake shi: yanzu a cikin mutanen daji akwai mai malfa, akwai mai hula, akwai mai rigar makaranta.

Da layin waya ya dawo, rabin 'yan wasan suka koma kan Facebook, muka rage mu shida. Wata Asabar aka kai wa garin maƙera hari a cikin wasan, jarumin yaron nan ya bi sawu har bakin daji, ya ritsa ɗaya daga cikin maharan a wani kwazazzabo. Yaya ya ce takobinka na wuyansa, in ka jefa ƙwaya ta haura tara ka gama da shi. Ya ɗauki ƙwayoyin ukun ya riƙe a tafin hannu, ya daɗe bai jefa ba.

"Yaya, shekararshi nawa?"

Yaya bai shirya wa tambayar ba. Ya ɗan yi shiru ya ce sha huɗu.

"Yana cikin waɗanda suka sa wuta?"

"Yana ciki."

Ya ajiye ƙwayoyin a kan kalanda ya ce a ba shi igiya. Zai ɗaure shi tamau ya ja shi zuwa gindin kuka, kuma kada wanda ya ba shi ruwa a hanya. Malamar ta ce ita jarumarta za ta ba shi. Suka hau gardama a kan wannan, har tsohon ya leƙo ya ce rana ta faɗi, a tashi a rufe ƙofa.