Mun Raina Na Huɗu, Sai Ga Mu a Na Takwas

Ni dai tun zamanin Nwankwo Kanu nake goyon bayan Arsenal. A gidan kallon ƙwallo na bayan layinmu a nan Sabo na ga kakar 2003/2004, wadda muka buga wasa 38 a Firimiya ba a doke mu ko sau ɗaya ba. Wallahi kakar nan ce ta ɓata mu. Tun daga nan duk shekarar da ba mu ɗauki kofin gasar ba, sai mu kira ta asara.

Ku duba fa. Arsene Wenger ya zo a 1996, ya yi kaka 20 a jere ƙungiyar ba ta taɓa faɗowa ƙasa da na huɗu ba. Ya yi hakan ne har da shekarun da ake biyan bashin sabon filin Emirates, ana sayar da manyan 'yan wasa. Ya ƙara mana kofin FA a 2014, 2015 da 2017. Amma ina daga cikin masu ihun a kore shi. 'Yan Chelsea da 'yan United suna yi mana ba'a da "na huɗu", mu kuma muna taya su.

Ya tafi a 2018. Muka ƙare a na takwas a 2020, muka maimaita a 2021. Daren Talata da Laraba muna zaune a benci muna kallon wasu suna buga gasar zakarun Turai. A lokacin na san darajar na huɗu.

Abin da ya sa na tuno da wannan, zangon da ya wuce ɗana ya kawo sakamakon jarrabawa, ya zo na uku. Shekara uku ke nan bai wuce na uku ba. Maganar da ta fara fita daga bakina ita ce, "Su biyun da suka wuce ka kai biyu gare su?" Yaron ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa ta ce, "Malam, ko sannu ba za ka ce masa ba?"

Kunya ta kama ni. Abin da na yi wa Wenger shi na yi wa ɗana. Har gobe ina son ya zo na ɗaya. Amma da daddare na kira shi, na sa masa albarka tukuna, sannan muka buɗe takardar lissafin da ta ja shi baya.