Azumi Talatin da Tara

A watan azumi aka haife ni, shi ya sa kakata ta laƙaba mini Ɗan'azumi. Sunan yanka ya ɓace tun ina rarrafe, domin da laƙabin aka rubuta ni a firamare a Dutse, kuma shi ne a kan takardar digirina. Ban taɓa jin nauyin sunan nan ba sai ranar da na'ura ta gwada ɗaukarsa ta kasa.

Mu mutanen Dutse ba mu tashi da jirgin ƙasa ba. Tsohon layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ta arewa ya bi, ta Ringim da Malam Madori, ya bar mu da duwatsunmu. Saboda haka da aka kira ni ganawar neman aiki a Abuja a 2023, sai na ƙudurta in bi mota zuwa Kaduna, daga can in hau jirgi, karon farko a rayuwata. Da dare na sayi tikiti ta waya. Na cika gurbin suna yadda malamin Hausa ya koya mini: Ɗ mai lanƙwasa, da ɗan waƙafin sama tsakanin n da a. Kuɗi suka fita, tikiti ya shigo, na kwanta ban ko duba shi ba.

A bakin ƙofar tasha jami'i ya karɓi wayata da katina na shaidar ɗan ƙasa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dube ni.

“Malam, ya sunanka?”

“Ɗan'azumi, Yallaɓai.”

Ya juyo mini da wayar. Abin da ke rubuce shi ne: ?an&#39;azumi. Sai ya karanta a bayyane, a hankali, kamar ɗalibi a gaban allo: “Alamar tambaya, an, talatin da tara, azumi.”

Wata dattijuwa da ke bayana ta tafa hannu. “Azumi talatin da tara? Ɗan nan, mu dai ashirin da tara muka sani, in ya cika talatin. Ramuwa ake bin ka?”

Layi ya kwashe da dariya, har da jami'in. Ni ma na yi, amma cikina ya ɗuri ruwa, domin saura minti ashirin jirgi ya tashi, ganawar kuma washegari da safe ce. Ban ga laifin jami'in ba. Bayan harin da aka kai wa jirgi a wannan hanya ranar 28 ga Maris, 2022, sai a watan Disamba aka dawo da zirga-zirga, bisa sharaɗin tantance kowane fasinja da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya tuna da wannan rana ba zai so a bar alamar tambaya ta shiga tarago ba.

Abin haushin shi ne na san abin da ya faru, domin kwamfuta na karanta. Tsohon tsarin haruffa da aka tsara wa na'ura a Amurka a shekarun 1960 gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Manhajar da aka gina a kansa, in ta gamu da baƙon harafi, sai ta ajiye alamar tambaya a wurinsa. Shi kuwa 39 lambar waƙafin sama ce a wannan tsari. Manhajar ta sauya shi don kare kanta, ta manta ba ta mayar ba. Alhali tsarin Unicode, wanda ya ba haruffanmu gurbi, ya fito tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa. Ba mu kaɗai na'ura ke yi wa wauta ba: a Norway, ranar 31 ga Disamba, 2000, sababbin jiragen ƙasa sun ƙi tashi don kwamfutocinsu ba su gane kwanan watan ba, sai da aka mayar musu da agogo baya. Sai dai su kwana ɗaya na'ura ta ɓatar musu.

Jami'in ya kira na gaba da shi. Suka gwada lamba da lamba, hoto da fuska, suka ce in wuce. Yayin da nake mayar da katin aljihu idona ya faɗa kan sunan da ke jikinsa: DANAZUMI. Babu lanƙwasa, babu waƙafi. Shekara nawa ina yawo da shi, ba wanda ya yi dariya, ni ma ban taɓa cewa uffan ba. Na'urar tikiti dai ta nuna cewa akwai abin da ba ta gane ba. Katin kuwa shiru ya yi ya aske sunan, na kuma sa hannu na karɓa.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe mai zuwa Dutse. Nakan tuna su Sa'adatu da Ƙasimu da za su yi layi a tasharmu, da ita kanta Maraɗin, yadda za ta fito a allo.

Ranar dawowa na sake buɗe manhajar. Na daɗe yatsana na kan harafin D, zaɓin mai lanƙwasa na leƙe a samansa. Na tuna layin nan da agogo. Na rubuta Danazumi, na wuce ƙofa ba wanda ya ɗaga kai. Da na ba kakata labarin tafiyar ta yi dariyar talatin da tara har da hawaye. Wannan ƙarshen ne ban gaya mata ba.