Yaron Da Ke Gyangyaɗi a Kan Allo

Abinci mai yawa a New Bell da dare ake nemo shi. Masu suya, wadda mutanen Duwala ke kira soya, sukan kafa tukuba bayan la'asar a Akwa ko Deido, ba su tashi sai mashaya sun watse. Haka masu shayi da masu gadi da 'yan bensikin. Tun da Jamusawa suka ware wannan yanki gab da yaƙin 1914, ya zama masaukin baƙi, kakanninmu suka sauka da fatauci da fawa, mu kuma muka gaji sana'ar har da rashin barcinta.

Ni ma ɗan dare ne ta wata fuskar. Shirin safe nake gabatarwa a rediyo, saboda haka ƙarfe huɗu nake fita. A hanya nakan gamu da masu dawowa, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan wani maƙwabcina mai suya. Shekarunsa ba su wuce goma sha ɗaya ba. Shi ke yanka albasa, shi ke naɗe nama a takarda. Ya kan kwanta wajen ƙarfe biyu, a tashe shi da asuba ya ɗauki allo, ƙarfe 7:30 kuma yana aji ana yi masa Faransanci. Malamin allo ya ce daƙiƙi ne. Malamar boko ta rubuta cewa ba ya mai da hankali. Kakarsa ta fara zancen rubutun sha.

Na san yaron nan. Canjin sefa dubu biyar ba ya ruɗa shi ko da mutum huɗu na miƙo hannu a lokaci guda. Daƙiƙi ba ya haka.

A makarantar koyon aikin jarida an ɗan gutsura mana ilimin halayyar ɗan Adam, daga baya na ci gaba da bibiya don kaina. A 1924 wasu masana biyu a Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka ba ɗalibai biyu gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana su haddace. Wani lokaci su kwanta bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu ido biyu. Abin da aka kwana a kansa ya fi zama. A 1953 kuma aka gano a Jami'ar Chicago cewa barci hawa-hawa ne: akwai mai nauyi, akwai wanda ido ke motsi a ƙarƙashin fata, inda aka fi yin mafarki, suna zagayowa kusan kowane minti 90. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ke karɓar sabon abu ya riƙe na ɗan lokaci, kamar ɗan tebur a bakin shago. Da dare, musamman cikin barci mai nauyi, ake maimaita abin ana shigar da shi ciki inda zai daɗe. Idan ba a kwashe tebur ba, gobe ina za a ɗora sabon kaya?

Abin da ya fi burge ni shi ne malamanmu na allo sun daɗe da kama bakin zaren ba tare da na'ura ba. Karatun dare, a kwanta, a tashi da asuba a yi tilawa: barci ne aka sa a tsakiyar darasi biyu. Amma tsarin an gina shi ne a garuruwan da ake rufe ƙofa bayan isha'i. Mun ɗauko shi mun kawo birnin da janareta da kiɗa da zafi mai ɗanko ke hana ido rufuwa, muka riƙe asubar, muka yar da daren.

Likitocin barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Wannan yaro uku yake samu, in an yi sa'a ya ƙara ɗaya bayan azahar. Ba hadda kaɗai abin ke ci ba. Wani bincike na 2007 a Amurka ya nuna sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi yana ƙara zabura sosai ga wanda ya kwana bai runtsa ba. Faɗan da yake yi da ƙannensa, wanda ake kira rashin kunya, ina ganin daga nan yake.

Na sami uban wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ce, "Yaya, da za ka riƙa sallamar yaron nan ƙarfe tara, ka ga yadda allonsa zai canja."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Malam, kai albashi kake ɗauka. In na sallame shi, yaron da zan ɗauka wa zai biya shi?"

Gaskiyarsa ce, kuma ba ni da kuɗin da zan cike masa gurbin. Abin da muka iya daidaitawa shi ne kwana biyu a mako, Litinin da Talata, da kasuwa ba ta cika ba, yaron zai kwana a gida. Malamin allo ya yarda a waɗannan ranakun ne zai riƙa yi masa ƙari, sauran kwanakin tilawa kawai. Daren Asabar kuwa, da ciniki ya fi kauri, uban ya ce kada ma a tayar da maganarsa.