Daga Garwa-Bulai Zuwa Bangi: Abin Da Muka Gani A Kilomita Biyar

Duk wanda ke zaune a Garwa-Bulai a farkon shekarar 2014 ba zai manta da manyan motocin da suka riƙa shigowa daga Afirka ta Tsakiya ba, shaƙe da mata da yara da tsofaffi, Hausawa da Fulani da sauran Musulmi, waɗanda suka tsero daga hannun 'yan Anti-balaka. Da yawa daga cikin yaran nan a azuzuwanmu suka ƙare. Mun koya musu karatu, amma da lokacin jarrabawar gama firamare ya zo sai ga shi ba su da takardar haihuwa, ba kuwa a rubuta sunan yaro sai da ita. Wannan ne ya sa a dogon hutun 2023 mu malamai uku muka kama hanyar Bangi da sunayen yara 9 a aljihu.

Tafiyar kimanin kilomita 600 ce. Mun ƙetara iyaka a Beloko, muka wuce Buwar da Yaloke da Bowali. Abin da ido ke fara gani shi ne fararen motocin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya, wato MINUSCA, wadda ta karɓi aiki ran 15 ga Satumba 2014. Mu ma can da mun ɗauka aikin ke nan, soja da bindiga. Sai da muka sauka a unguwar Kilomita Biyar, inda 'yan'uwanmu fatake suka daɗe da kafuwa, muka san akwai wasu ma'aikatan da ba sa sa kaki.

Maimasaukinmu, wani dattijo mai sayar da yadi, bai fara kai mu kasuwa ba. Maƙabartar unguwar Boyin ya kai mu. Ya ce tun daga Disamba 2013 aka rufe wa Musulmi hanyar nan, har ya zama in an yi rasuwa sai a haƙa kabari a tsakar gida. Shi kansa ƙanensa na kwance a bayan ɗakinsa. Fiye da shekara 2 ana haka. Ma'aikatan farar hula na MINUSCA ne da dattawan ɓangarorin biyu suka yi ta kai da komo, a zauna yau a watse gobe, har a watan Fabrairu 2016 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin unguwannin biyu, aka buɗe hanya. Ya ce mana, "Malamai, soja na iya raka gawa sau ɗaya, amma ba ya sa maƙwabcinka ya matsa maka ka wuce." Mun daɗe a tsaye a wurin, muka yi wa mamata addu'a.

Daga nan muka yi sallar la'asar a babban masallacin Kuduku, wanda Fafaroma Faransis ya ziyarta ran 30 ga Nuwamba 2015, lokacin da unguwar ke kewaye da abokan gaba.

Da dare hira ta kai mu ga Kotun Musamman ta manyan laifuka, wadda aka kafa da doka a 2015, inda alƙalan ƙasar ke zama tare da alƙalai daga waje. Hukuncinta na farko sai ran 31 ga Oktoba 2022, a kan mutum 3 na ƙungiyar 3R, saboda kisan mutane 46 a ƙauyukan Kunjili da Lemuna a Mayun 2019. Wasu samari suka ce an fara da ɓangaren Musulmi, an bar waɗanda suka kore su. Mu dai a ganinmu wanda ya kashe rai ya kashe, ko wane ne shi. Amma kukansu na jinkiri gaskiya ne, don kuwa sai a Yulin 2025 kotun duniya ta Heg ta yanke wa Yekatom da Ngaisona, jagororin Anti-balaka, hukunci.

To, sai maganar da ta kawo mu. A ofishin da muka je an ce littattafan rajista na wancan lokaci sun salwanta a rikici. Wani ma'aikaci ya dubi sunayen ya tambaye mu ko iyayen yaran nan 'yan ƙasa ne da gaske, alhali kakansu ma a Bangi aka haife shi. Ran nan mun haɗiye fushi. Wata lauya 'yar ƙasar, da ke aiki a wani ofishin taimakon shari'a da kuɗin waje ke ɗauke da shi, ita ta nuna mana hanya: a kai shaidu gaban alƙali, ya ba da hukuncin da zai maye gurbin takardar da ta ɓata. Ba ta karɓi ko dala ba. Sai dai ta gaya mana ofishin nasu kwangilar shekara ce, in masu ba da kuɗi suka janye to an rufe ke nan.

Maimasaukinmu da limamin unguwa suka tsaya shaida. Mun samo wa yara 4 takardu. Sauran 5 ba a sami wanda ya san haihuwarsu ba, don dangin nasu sun warwatsu Cadi da Kamaru. Saboda haka muna roƙon duk wanda ya taɓa zama a Kilomita Biyar kafin 2013, musamman masu zaune a Gado da Ngaundare da Birketari ta Yawunde, da ya aiko da saƙo ta hannun editan wannan shafi. Sunayen yaran da na iyayensu na wurinsa.